Yaron da Na Zana Ba Shi da Baki

Talaje, Yamai

Zuwa ga ɗiyata Ramatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya a duk inda kika buɗe ta, ko cikin jirgi ko bayan kin sauka. Allah Ya tsare miki hanya, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kare ki daga sharrin wanda kika sani da wanda ba ki sani ba. Innarki tana gaishe ki. Ita ce ta cusa takardar cikin jakarki, tsakanin zannuwa, ba ta kuwa san abin da ke ciki ba.

Ba labarin gida zan ba ki ba, yanzu kika baro shi. Ranar da kika shigo da murna kika ce kamfanin can na ƙasar waje ya ɗauke ki aikin fim ɗin zane na yara, kuma labarin yaran ƙasashenmu ne, kin ga na yi shiru. Kin zaci tafiyar ce ba na so. Ba ita ba ce. Maganar da kika ƙara ce ta tsaya mini a ƙirji, da kika ce sun yi farin cikin samun ki don ba su da ko ɗan Nijar guda a ɗakin zanensu. Ramatu, na taɓa zama a ɗaki irin wannan. Kin tashi kin san ni tsohon mushe, malamin zane a lakwal, makarantar boko. Ba ki san na taɓa yin fim ba, domin ban taɓa yarda a yi zancen a gidan nan ba.

Shekarar babban fari ce, soja ke riƙe da ƙasa. Kogi ya janye har mutane na tsallakawa Kirkisoy da ƙafa, gada na sama suna ƙasa. Innarki na ɗauke da cikin yayanku Mamman. Wata safiya aka aiko lakwal cewa ana nemana a wani biro, ofishin gwamnati, wajen Gawey. A zamanin nan in an ce ana nemanka a biro, sai ka yi wa iyali sallama mai kyau kafin ka fita. Na je na tarar da wani kapiten, dogo, mai magana a hankali kamar ba ya son kalmomin su taɓa juna. Ba zan rubuta sunansa ba. Ya ce manya suna son fim ɗin zane na yara, desan anime, wanda zai nuna ƙasar nan ɗaya ce, a haska shi lokacin bikin ƙasa sannan a zagaya da shi makarantu.

Ya ce, "Kowace ƙabila ta ga ɗanta a ciki, Mushe. Ba na son wani ya zo ya ce an manta da shi."

Mu biyu aka damƙa wa aikin. Ni zan rubuta labari in zana yaran. Abokina Alhusaini zai zana daji da sama da launi. Alhusaini Buzu ne daga arewacin Tawa, tare muka yi makarantar horon malamai, gadonsa kusa da nawa shekara uku. Ɗiyarsa Fatimata tana ajina a lokacin, shekararta tara.

Na koma gida ina jin kaina. Cikin mako biyu na gama labarin. Yara biyar ne, Bahaushe da Bazabarma da Bafillace da Babarbare da Buzu, suka bar gida neman inda ruwan kogi ya tafi, suka ratsa daji da tudun rairayi da kogon dutse har suka dawo da shi. Na ƙirga su da yatsu, biyar cif, na ce na cika umarni. Na shimfiɗa wa Alhusaini zanensu bisa tebur ina jiran yabo.

Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Lawali, wa ya fara ganin tsuntsun da ya nuna musu hanya?"

Na ce, "Sani, Bahaushen."

"Wa ya yi dabarar tsallake ramin?"

"Sani."

"Wa ya yi magana da dodon kogon?"

Nan ma amsar ba ta sake ba. Har karkatar hular Sanin irin tawa ce. Ƴar Zabarmawan kuwa tulu na ɗora mata tun farkon fim har ƙarshensa. Bafillacen shi ne abin dariya, da ya ga mota sai ya haye bishiya. Babarbaren yana can bayan sahu, aikinsa kawai ya cika biyar.

Na ce, "Haba Alhusaini, ai wasan taubasai ne, kowa ya san shi a ƙasar nan."

Ya ce, "Taubashi yana ramawa. Wannan yaron me ka ba shi da zai rama da shi?"

Na yi dariya na tattara takarduna, amma raina ya ɓaci, kwana biyu ina amsa masa gaisuwa da kai. To ki ji, ɗiyata. In sun jera miki yara kala-kala a bango, kowa da tufarsa, suka ce ga shi mun sa kowa, kada ki tsaya ga ƙirge. Ki bi labarin daga farko ki ga wa ke magana, wa ke yanke shawara, wa ake yi wa dariya, wa ke ɗauke da kaya. Kuma in wani ya nuna miki inda kika karkata, kada ki yi fushin da na yi. Ni na ji zafi ne saboda ya faɗi daidai.

Abin da ya fi damunsa shi ne Agali, yaron Buzun. Na naɗa masa baƙin rawani ya rufe fuska, ido kaɗai ake gani, na rataya masa takobin da ya fi shi tsawo. Alhusaini ya tambaye ni shekarunsa, na ce tara. Ya ce a wurinsu ɗan shekara tara kansa a buɗe yake da ɗan tukkunsa, sai ya zama namiji ake yi masa naɗi, kuma ranar babbar rana ce a gidansu.

Na ce, "In ban naɗa masa ba, ta yaya yaran Yamai za su gane Buzu ne?"

Abin da na faɗa ke nan. Ga abin da ban faɗa ba. A aikinmu na lokacin baki shi ne wahala. Kowane motsin leɓe sai an zana shi daban bisa wata farar leda da muke kira selilo, kalma guda sai ta ci zane shida ko fiye, selilon kuwa kaɗan aka ba mu. Yaron da bakinsa ke rufe ba ya cin leda, ba ya cin lokaci. Da na ga ya yi mini sauƙi sai na rage masa maganar ma. A fim ɗin duka abin da yake cewa shi ne "to" da "mu tafi". Lalacina ne na naɗa masa a fuska, na kira shi al'ada.

A bayan gari ta hanyar Walam mutanen arewa da dabbobinsu suka ƙare sun kafa bukkoki na tabarma da kwali. Mahaifiyar Alhusaini tana cikinsu. Ya yi ya yi ta dawo ɗakinsa cikin gari, ta ce ba za ta bar waɗanda suka tako tare ba. Sau uku yana ce mini in zo mu je in ga yaran da nake zanawa. Sau uku ina kawo dalili. Gaskiyar ita ce ina tsoron ƙyanda da zawon da ake cewa suna can, ina kuma tsoron jandarma su gan ni su rubuta sunana. Sai wata Lahadi da safe ya tsaya da mobilet ɗinsa, ɗan babur ɗin da yake hawa, a ƙofar gidan nan ya ƙi tafiya, innarki ta ce mini, "Kai dai je ka, mutum na tsaye cikin rana."

Tsohuwar ta sa aka yi mana shayi, na ga ɗan sukarin da ya rage mata aka juye duka. Hausarta kaɗan ce amma ta ishe ta. Na miƙa mata zanen Agali. Ta riƙe shi nesa da ido ta ce, "Ɗan wa ne?"

Na ce, "Ɗanku ne, Inna."

"Ina bakinsa?"

"Yana ƙarƙashin rawani."

Ta girgiza kai ta ce, "Manyanmu ne ke ɓoye baki, ko yunwa suke ji ba a gani. Yaro kuka yake yi. Wannan ba namu ba ne."

Daga nan ta ba ni labarin tahowarsu, Alhusaini yana fassara inda Hausar ta ƙare mata. Rijiyar da suka dogara da ita suka tarar ta ƙafe. Wani jikanta ne, bai kai sha biyu ba, ya tuna hanyar wata rijiyar da ya taɓa zuwa da kawunsa, ya bi sawun tsofaffin kashin raƙuma har ya kai su. Taguwarsu, raƙumar ƙarshe da ta rage musu, ta durƙusa a gefen babbar hanya ba ta ƙara tashi ba. Suna zaune wurin kamiyon hatsi ya wuce su har sau uku, ba wanda ya taka birki. Ta faɗi wannan ba kuka ba ɗaga murya, tana juya kofin shayi.

Tafiyar rabin awa ce daga ƙofar gidan nan, Ramatu, amma na gwammace in zana mutanen daga hotunan tsofaffin littattafan Nasara. Kada ki zana wanda ba ki zauna da shi ba. In ba ki iya zuwa, ki nemo shi ki tambaye shi, ki kuma yarda ya ce miki ba haka ba ne. Akwai wani tarko da ke jiran ki a can wanda ni ban shiga ba. Tunda ke kaɗai ce ƴar Nijar, za su juyo su tambaye ki yadda Buzaye ke ɗaura kaza, yadda Tubawa ke cewa kaza, yadda ake rawa a bakin tafki can gabas. Za ki ji kunyar cewa ba ki sani ba. Ki ce ba ki sani ba. A Talaje kika tashi, uwarki da ubanki Hausawan Damagaram ne. Duk abin da kika ƙaga don kada ki ji kunya, da shaidarki zai shiga fim, su ce ai ƴar ƙasar ce ta faɗa.

Da muka dawo na yage rabin aikina. Na cire wa Agali rawani da takobi, na ba shi tukku da baki mai yawan tambaya. Shi ya zama mai sanin hanya. Na sauke wa ƴar Zabarmawan tulu na ba ta kwalekwale, Bafillacen ya zama wanda ke jin maganar tsuntsu. Watannin nan su ne mafi daɗi a duk rayuwata ta aiki. Muka sa wurin da taguwar su Agali ta durƙusa. Alhusaini ya roƙi in bar masa wannan sashen ya zana shi duka da hannunsa, yaron da dabbar da hanyar, na bar masa. Ni kuwa na rubuta abin da yaron zai faɗa yana shafa wuyanta: "Motar hatsi ta wuce mu sau uku, ba ta tsaya ba."

Alhusaini ya karanta ya ce, "Lawali, wannan maganar za ta ja mana."

Na ce, "Ba gaskiya ba ce? Daga bakin mahaifiyarka na ji. A bar ta."

Ya dube ni ya ce, "To." Ni kuwa na fita ina jin na zama jarumi.

Saura mako shida biki Kapiten ya zo ganin abin da muka yi. Da hantsi ne, muka toshe tagogi da barguna, ɗakin ya yi zafi kamar tanda. Jandarma biyu suka tsaya a ƙofa. Ya yi dariya wurin tsuntsu, har ya buga gwiwa wurin kwalekwale, na fara sakin jiki. Da aka zo wurin taguwar sai ya ɗaga hannu.

"A mayar baya."

Aka mayar. Muryar yaron ta sake faɗin maganar.

"A ƙara."

Aka ƙara. Sannan ya ce a kashe injin, a cire bargo guda. Haske ya shigo, na ga zufa ta jiƙa rigar kowa ban da tasa.

Ya ce, "Motar wa?"

Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya ci gaba.

"A ƙasar nan hannu ɗaya ke rabon hatsi, kowa ya san shi. Wa ya sa wannan magana a bakin yaro?"

Ni ya kalla, don ni ne mai rubutu. Na tuna innarki da cikinta, na tuna wani mushen lissafi da aka ɗauka a lakwal ɗinmu shekara guda kafin nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Sai na ji bakina yana cewa, "Mon kapiten, wannan sashen Alhusaini ne ya zana shi."

Ko kalma guda ta ƙarya babu a ciki. Alhusaini bai dube ni ba. Ya goge hannunsa da tsumma, ya miƙe, ya ce, "Haka ne. Ni ne." Jandarman suka sa shi tsakiya suka fita. Mobilet ɗinsa ya kwana uku a jingine jikin bangon biro kafin matarsa ta aiko aka tura shi gida.

Abu biyu nake so ki ɗauka a nan. Ana iya yin ƙarya da magana ta gaskiya, kuma ta fi kowace ƙarya muni, don mai yin ta yana samun abin da zai lallashi kansa da shi shekara da shekaru. Na biyun ya fi wuya. Na sa maganar motar hatsi ne don in ji ni mai gaskiya ne, ban tsaya na tambayi kaina wa za a fara zargi ba in ta ɓaci. A ɗakin nan Buzu ɗaya ne, kuma yaron da ya yi maganar Buzu ne. Ko ban buɗe baki ba ido zai koma kansa, shi ya san haka tun ranar da ya ce mini za ta ja mana. In za ki faɗi gaskiya mai zafi a kan wasu mutane, ki tabbata wuyanki ne a gaba. In kin ga na wani ne, ki tambaye shi tukuna, ki kuma saurari amsar.

Kapiten ya tsayar da ni bayan sun fita. Ya ce, "Yaron nan ya cika surutu, Mushe. Kuma labari ba ya daɗi in babu mai ɓata tafiya. Kai ka fi ni sanin aikinka." Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai ce in mai da Agali ɓarawo ba. Ni na yi, don in wanke kaina tas a idonsa. Na mayar masa da rawani, na cire taguwar, na cire maganarsa. Na rubuta sabon sashe inda yaran suka kwanta barcin rana ƙarƙashin ƙaya, Agali ya sulale da salkar ruwansu ya gudu. Sani ya bi shi ya kamo shi, ya yafe masa, suka rungumi juna. Kapiten ya gani ya ce, "Yauwa, ga haɗin kan ƙasa." Har ya ba ni hannu.

Mai tsoro yakan yi fiye da abin da aka nema gare shi, Ramatu. In an matsa miki, ki sa su faɗi abin da suke so da bakinsu, dalla-dalla. Sau da yawa ba za su iya faɗa ba.

Bayan biki aka kawo fim ɗin lakwal ɗinmu. Yara suka cika babban aji har bisa tagogi. Sun yi ihu, sun yi tafi, da Sani ya kamo Agali sai da rufin kwano ya amsa. Na tsaya a baya ina cewa a raina, to ai yara ne, sun ji daɗi, gobe sun manta. Washegari da aka fita hutu na ji waƙa a tsakar lakwal, sun riga sun yi mata amshi: Agali ɓarawon salka. Fatimata suka zagaye, ita da wasu yara uku da aka kawo daga bukkokin bayan gari. In ta nufi pampo sai kowa ya rungume kofinsa yana ihu a ɓoye ruwa. Ubanta yana tsare a lokacin, ba wanda ya san inda yake. Ina tsaye bakin aji da lakire, allin rubutu, a hannu. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Ku shiga aji." Ina tsoron in kare ɗiyar wanda aka kama, wani ya kai labari.

Ban da zane har lissafi nake koya wa ajin, kuma yarinyar nan ba ni da kamarta a cikinsa. Takan gama kafin in gama rubuta tambaya a allo, ta zauna tana wasa da bakin mayafinta. Ta jure mako guda. A na biyu wurinta ya zama fili. Bayan wata biyu aka saki Alhusaini, aka tura shi koyarwa wani ƙauye can gabas inda mota ke zuwa sau ɗaya a mako, iyalinsa suka bi shi. Fatimata ba ta ƙara shiga aji ba. An ce ko an kai ta ƙofa sai ta tsaya ta ƙi.

Babba yana kallon fim ya tashi ya tafi harkarsa. Yaro ɗaukar sunan yake yi ya fita da shi tsakar gida, ya nemi wanda zai liƙa wa. Duk yaron da kika zana, akwai mai kama da shi a wani aji, kuma shi zai kwana da abin da kika sa ya aikata. Ban ce kada ki zana mugu ba, labari na son mugu. Amma in yaro ɗaya tak ke wakiltar mutanensa a fim, kika ba shi sata, to duk mutanensa kika ba. In suka nace sai kin yi irin wannan, ki ajiye musu alƙalaminsu ki dawo. Ɗakinki yana nan, ba wanda zai tambaye ki dalili.

Bayan shekaru mulki ya sake hannu, Alhusaini ya dawo Yamai ya zauna a Kirkisoy. Na sani. Sau biyu na hango shi a kasuwa na sauya layi. Sai da aka ce mini yana kwance ba ya tashi sannan na tsallaka gada. Na tarar ya rame, rawaninsa ya yi masa yawa. Na zauna na fara kame-kame, ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Lawali, bar wahalar da kanka. A can sun nuna mini takardar labarin. Shekara uku ina kwafar darasi daga littafinka, zan kasa gane rubutunka? Suka ce na wa ne, na ce nawa."

Na ce, "Don me?"

"Matarka na da ciki. Ni kuwa ko na ce naka ne ba sakina za su yi ba, sai dai su riƙe mu biyu." Ya huta kaɗan, ya ce, "Wannan na yafe tun ina ciki. Kowa ya ji tsoro a shekarun nan. Amma ta Fatimata ba tawa ba ce da zan yafe. Je ka same ta."

Na ce zan je. Ya rasu bayan kwana tara. Na je jana'iza, na hango ta cikin mata, na ce ba yau ba, ranar makoki ce. Haka na yi ta cewa ba yau ba har aka haife ki, kika yi lakwal, kika gama, kika fara zana yara a bangon ɗakinki. Wannan ba na buƙatar in ɗora miki nasiha a kansa, kin gani da kanki.

Ranar Talatar da ta wuce, da kika tafi karɓo takardun tafiya, na ce wa innarki zan je asibiti. Kirkisoy na tafi. Fatimata yanzu tana da jikoki, tana ɗinkin jakunkunan fata a zauren gidanta. Na yi sallama, ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Mushe." Ta jawo kujera ta ce, "Babana ya ce za ka zo wata rana. Ya ce in ka zo kada in bar ka a tsaye."

Na zauna na faɗa mata duka, tun daga ledar da nake tsimi har ranar da na tsaya bakin aji. Ba ta daina ɗinki ba. Da na gama na ce ina neman gafararta. Ta ja zare ta yanke da haƙori. Muka yi zaune kusan awa guda, jikokinta na shiga suna fita. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Da na miƙe zan tafi ta ce, "Me ya kawo ka yau, bayan duk shekarun nan?"

Na ce ɗiyata ce za ta tafi aikin fim ɗin yara.

Ta ajiye basillar ta dube ni sosai. Ta ce, "Ta san wannan labarin?"

Na ce a'a.

Ta ce, "Ka gaya mata. Yadda ka gaya mini, kada ka rage komai."

Ga shi na gaya miki, ban rage komai ba. In kin karanta kika ji ubanki ya ragu a idonki, ba zan ga laifinki ba. Innarki ma zan zaunar da ita in faɗa mata kafin ki kira mu, don har yau tana zaton Alhusaini ne ya rubuta maganar nan.

Allah Ya sauke ki lafiya, ɗiyata. Ya tsare ki a masauki da wurin aiki, Ya ba ki lafiyar ido da ta hannu, Ya ba ki ƙarfin zuciya a ranar da za ki buƙace shi. Ki riƙe salla, ki ci abinci a kan lokaci, kada sanyin can ya same ki ba rigar kirki. In kin yi addu'a ki sa Alhusaini da mahaifiyarsa, Allah Ya jiƙansu. Ni ma ki sa ni. Allah Ya dawo mana da ke lafiya, Ya yi miki albarka.

Wassalam.

Mahaifinki,
Lawali